Kyandir Ɗin Da Inna Ta Ajiye Wa Baba

Shekarun baya, wajen ƙarshen mulkin farar hula na biyu, lokacin da rediyo ke ta cewa kowa ya tsuke bakin aljihu, muna zaune a Bodinga, ni da iyayena da ƙannena. Mu dai ba mu da aljihun tsukewa, amma tsukewar ta biyo mu har ɗaki. Kananzir ya yi ɓatan dabo, sabulu sai an sha layi, damina kuma ta yi gardama. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya nan. Da kaka ta zo rumbu bai ga abin kirki ba, mahaifina ya bi 'yan cin rani zuwa Kurmi. Ya ce zai dawo kafin ruwa ya sauka, in ma ya yi jinkiri, Sallah ƙarama ba za ta yi ba shi ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mace ce da ba a zubar da komai a gabanta. Ƙasarin gero na dabbobi ne, ruwan wanke-wanke na zogalen bayan ɗaki, toka ta wanke tukunya, ƙanzo a jiƙa a ci da safe. Gwangwanin tumatir kuwa sai ya tsufa a gidanmu kafin ya ga juji. Ni da nake babba a ɗakin, kuma mai son jiki, haushin wannan hali nake ji, don duk tsimin a kaina yake ƙarewa.

Da ƙasarin nan da dusa ta yi kiwon ɗan ragon da muka yi layya da shi kafin Baba ya tafi. Kitsen ragon ta soya, ta tace, ta adana. Wata malamar asibiti da aka turo garinmu, muna katanga ɗaya, ita ta nuna mata yadda ake kyandir da shi. A narka kitsen, a ƙara ɗan kakin zuma don ya yi tauri, a samo karan ganyen gwanda mai rami a ciki, a zura lagwanin auduga, a toshe gindin da yumɓu, a tsiyaya. In ya daskare a tsaga karan. Na Inna ba su da kyan gani, gajeru ne, wasu a karkace, ga ƙarnin rago. Amma mun gwada ɗaya, ya ci da kyau.

Sauran ta jera su a ƙaramar tukunya, ta rufe saboda ɓera, ta ajiye gindin randa inda ke da sanyi. Na ce mu riƙa kunnawa mana, tunda babu kananzir.

Ta ce, “Waɗanga 'yan tarba na. Ran da babanku yad dawo za mu kunna su duka, shi ga gidanai da haske.”

Sunan ya bi su. Ko ƙaramin ƙanena ya san ba a taɓa 'yan tarba.

Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, tukunyarmu ba ta san an yi ba. Rani ya wuce. 'Yan cin rani suka fara dawowa da rediyo da atamfa, babu Baba. Ruwa ya sauka, muka yi shuka mu kaɗai. Ranar kasuwar garin Shagari Inna kan bi motar albasa ta je bakin titi ta tambayi direbobin da ke fitowa daga kudu. Wani ya ce kamar ya gan shi, wani ya ce Kurmi da faɗi. Takan dawo ƙafa duk ƙura, ta sha ruwa, ta koma kan aikinta.

Azumi ya kama lokacin da hatsi ya ƙare ƙaf. Tuwon dusa muke ci, da miyar kuka tsura, ba mai, ba daddawa. Ƙaramin ƙanen nan nawa ya rame har kansa ya yi wa wuyansa nauyi, ya fara ƙin abincin ma. Wata la'asar na ga Inna ta buɗe tukunyar gindin randa, ta zaro kyandir guda, ta cire lagwanin, ta kankare kitsen cikin miya. Muka haɗa ido.

Ta ce, “Guda ɗai na. Ai da saura da yawa.”

Ranar ƙanena ya ci tuwo har yana siɗe yatsa. Ni ma, kar in yi ƙarya, ban bar komai a kwano ba. Daga nan duk sanda jikin yaron ya yi laushi, sai wani ɗan tarba ya bi tukunyar miya. Lagwanin kuma ba ta yarwa, takan naɗe shi ta soke a jikin azara. Ba na leƙa tukunyar, azarar nake kallo in san inda muke.

Duk da haka, da goman ƙarshe ta zo, Inna ta sa mu aikin Sallah kamar kowace shekara. Muka ɗebo farar ƙasa muka shafe ɗakin Baba, ta gyara daɓen, ta ja layi da bula a gindin bango. Faya-fayanta ta wanke ta jera. Takardun alawa da muka tsinto a kasuwa muka shirya a zare, muka rataya a bakin ƙofa, iska na kaɗa su. Ɗakin ya yi kyau, ban taɓa ganin ya yi irin wannan kyan ba. A kan alkuki, inda ake ajiye fitila, ta kafa kyandir ɗin da ya rage, shi kaɗai.

Aka ga wata. Da safe maza suka tafi idi, duk motar da ta tsaya a titi sai mun leƙa. Maƙwabta ma ba su da abin aikowa, kowa ta kansa yake. Rana ta take, miya tana tafasa, ruwa ne kawai da kuka. Inna ta daɗe zaune gaban murhu. Can ta miƙe ta shiga ɗakin Baba, ta fito da kyandir ɗin a hannu.

Ƙanwata ta ce, “Inna, in Baba ya taho hwa, mi za mu kunna mai?”

Inna ba ta ɗago ba, tana kankarewa ta ce, “In ya taho, ya san hanyar ɗakinai ko cikin duhu.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci tuwon ba. Mu muka ci. Tun daga ranar ba ta sake zuwa Shagari ba, ta kuma daina ɗaga kai in mota ta tsaya.

Sai bayan kaka wani mutumin ƙauyen Mandera da suka tafi tare da Baba ya zo ya yi sallama. Ya ce zazzaɓi ya kama Baba ba da daɗewa da isarsu ba, can aka yi masa sutura, shi kuma ya ba wani mutum saƙo ya kawo mana, ashe bai iso ba. Wato tun kafin mu taɓa kyandir na farko, wanda ake ajiye wa ya riga ya kwanta dama. Inna ta yi salati, ta shiga takaba a ɗakin da muka shafe.

Yau ƙanen nan nawa yana da jikoki. Na san kitsen nan ne ya riƙe shi, na san Inna daidai ta yi, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Abin da ke ci na har gobe shi ne miyar Sallar nan ta yi daɗi. Mun ci muna murna, ba mu san a gabanmu Inna ta fid da rai da mijinta ba. 'Ya'yana na yi mini dariya don ba na barin a zubar da ƙasari, kuma ranar layya nakan bar musu tsakar gida in an fara suyar kitse, su ɗauka hayaƙi ne ba na so.

Da Inna ta rasu, muna kwashe kayanta, na sami lagwanin nan a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudu. Duk suna nan, farare tas, ko ɗaya wuta ba ta taɓa ba.