Gyaran Malam Sale

Jama'a, yau alheri ya kusa kashe mini babur ɗin da nake ci da iyali da shi!

Da safe na ɗauko wata mata daga Katako za mu Bukuru. Muna cikin tafiya sai farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Matar ta taɓa kafaɗata ta ce, "Oga, girki kake yi a mashin?" Kafin in amsa, injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na ba ta haƙuri, na tura babur ɗin wajen Ɗanjuma bakanike. Ya tsayar da babur daidai, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya wuce layin sama nesa. Fulogi kuwa ya jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Wa ya zuba maka wannan?"

Na ce Malam Sale ne, mai sayar da mai a Tina Junction. Jiya na yi juyen baƙin mai a wajensa. Kwalba ɗaya injin ke sha, amma sai ya ƙara mini rabi ya ce, "Kai namu ne, ga gyara." Har godiya na yi masa.

Ɗanjuma ya dube ni. "Gyara a baƙin mai? Tumatir ka saya?"

Ya tsiyaye rarar a gwangwani, ya wanke fulogi. Bugu ɗaya babur ya tashi. Sai ya miƙo mini gwangwanin.

"Mayar wa Malam. Ka ce masa gyaransa ne ya kawo ka gyara."