Masu Gaisuwar Ranar Asabar

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu na Zuru da kulob. Babanmu ya sayi filin ne da ya ajiye kakin soja, don ba mai so, kowa na gudun maƙwabtaka da mashaya. Ya gina ɗaki biyu, ya kafa rumbu, bai daɗe a ciki ba ciwo ya ɗauke shi. Aka yi zaman makoki, tsakar gida ta cika ta batse, sannan kowa ya kama gabansa. Yayyena duk sojoji ne, suna can nesa inda aiki ya jefa su, sai ya rage daga ni sai Mama. Akwai ranakun da za mu wuni ba wanda ya yi mana sallama sai mai tallan kalanzir.

Abin da ya riƙe Mama a lokacin shi ne tulunta. Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinmu, tun muna bariki. In ta rungume shi ranar Lahadi tana dukan bakinsa da soso, har 'yan bencin baya suna jin sautin a ƙirjinsu. Amma Lahadi rana ɗaya ce a mako.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari, kulob ɗin ya canja hannu. Sabon mai shi ya ɗauko makaɗa, kowace Asabar daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i. Akwai masu gita, akwai mai ganguna, da wani tsohon soja mai busa ƙaho, sai wata mawaƙiya daga wajen Wasagu wadda ban taɓa jin murya irin tata ba, kuma na yi yawon garuruwa da yawa tun daga lokacin. Su fara da makosa, kiɗan Kamaru, su gangaro tsofaffin waƙoƙin bariki, in yamma ta yi sanyi sai ta juya harshe zuwa C'lela, yaren Dakarkari. Shiga kyauta ne, shi mai wurin ribarsa tana cikin kwalba da farfesu.

To, kyauta dai kyauta, amma ba kowace ƙafa ke iya tsallake wannan ƙofa ba. Matar aure ba za ta shiga ba, mai gemu ba zai shiga ba, balle wanda ke zama a gaban coci. Sai ga shi jama'ar Zuru sun tuna akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, wadda ya kamata a riƙa dubawa.

Wata nas ce ta fara, wai ta zo ganin jikin Mama, alhali Mama ko mura ba ta yi. Matan zumunta suka biyo baya da tsintar shinkafarsu a faranti. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi da ke zuwa tambaya ko dangin Mama na Ribah suna da dawar sayarwa. Kowace Asabar sai ya yi wannan tambaya, ya tafi sallar magariba, ya dawo jin amsa. Wata rana mawaƙiyar ta ja wani baiti, bakinsa ya suɓuce.

"Wallahi wagga yarinya Allah ya ba ta murya," in ji shi. Ya waiga, ya ƙara da, "Astagfirullahi."

Sai kuma Baba Dattijo, babba a cikin dattawan cocinmu. Shi da Littafi yake zuwa a hammata, ya yi mana addu'a gajeriya, ya jingina da katangar nan ya lumshe ido kamar mai bimbini. Ni kuwa ƙafarsa nake kallo, don babban yatsansa bai taɓa saɓa wa ganga ba.

Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ni ke dama kunu, ni ke soya gyaɗa, ni ke wanke kofuna. Na ce wa Mama mutanen nan ana so ana kaiwa kasuwa ne, ba don ita suke zuwa ba.

"Na sani," ta ce. "Ke kina tsammani ni yarinya ce? A bar kaza cikin gashinta. Ɗauko ɗaya tabarmar."

Kuma gaskiya Mama ta canja. Ta koma yin kitso ranar Juma'a. Ta koma dariyar nan tata mai ƙarfi da na manta da ita.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon fasto, matashi mai zafin wa'azi. Aka kuma yi rashin sa'a wasu samarin cocin suka yi dambe a kulob har aka fasa wa ɗaya kai. Majalisar dattawa ta yanke shawarar kai ƙara gaban mai unguwa a rufe wurin, kuma suna bukatar maƙwabcin da ya fi kusa ya tsaya ya ce kiɗan ya hana shi sakat. Wanda aka aiko ya gaya wa Mama, saboda an san ya saba da gidan, shi ne Baba Dattijo.

Ranar bai jingina da katanga ba. Ya zauna a takure yana juya hularsa.

"'Yar'uwa, ba ni na so ba, majalisa ce ta aiko ni. Magana ɗaya za ki yi, ki ce suna damun ki. In ba haka ba, wasu na cewa gidanga ya zama reshen kulob. Kin san abin da zai biyo baya."

Mun sani sarai. Horo ne, a karɓe tulu, a mayar da mutum bencin baya. Mama ta ce ta ji, Allah ya kai mu.

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Fasto ya yi magana, mai kulob ya yi tasa, sannan aka kira Mama. Ta gyara ɗaurin zanenta ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ƙarya ba ta kamace ni ba da furfurata. Kiɗi akwai, ƙara akwai, amma ni bai dame ni ba. Da maigidana ya rasu mutane sunka zo gaisuwa, Allah shi saka masu, anka watse. Na yi rani na yi damina ina magana da kaji. Ran da anka fara kiɗin nan, ran nan na fara shimfiɗa tabarma biyu. In kun ce a rufe, ku ne manya. Amma ku faɗa mani wa zai zo gidana ran Asabar."

Mai unguwa ya tambaya, su wa ke zuwan? Nan na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sunaye suna kan harshena, na farko kuwa yana zaune dab da fasto yana kallon ƙasa. Na buɗe baki ke nan Mama ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya kwana yana zafi.

"Masu gaisuwa ne, ranka shi daɗe," ta ce.

Ba a rufe kulob ba. An dai ce su rage ƙara, su kuma riƙa tashi da wuri. Mama ce ta biya. Lahadin da ta biyo aka karanta sanarwa a gaban jama'a, aka miƙa tulun ga wata mata da ke dukansa kamar tana jin haushinsa. Na zauna tare da Mama a baya, ina ganin hannunta yana motsi a kan gwiwarta shi kaɗai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ni kuwa har kuka na yi don takaici. Na ce mu bar musu cocin. Ta ce coci ba na fasto ba ne, kuma ba ta ga abin da ta yi da za ta gudu ba.

Da Asabar ta zagayo ta sa na dama kunu kamar kullum. Mutane sun ragu. Nas ta zo, Alhaji ya zo da tambayarsa, matan zumunta biyu suka shigo a sace. Makaɗa sun fara ke nan na fita zubar da ruwan wanke-wanke, sai na hangi mutum a lungun da ke gefen gidanmu, tsaye, ya goya hannu a baya, wai yana duba masarar da muka shuka a bakin katanga. Baba Dattijo ne.

Na koma da roba a hannu na raɗa wa Mama, na ce ta ba ni izini in yi kuskure da ruwan nan. Ta harare ni. Ta shiga ɗaki ta fito da kujerar babanmu, ta katako, wadda tun rasuwarsa ba wanda ya zauna a kai. Ba ta ba ni ba, da kanta ta kinkime ta zuwa lungun, ni kuma ina biye don kada a ba ni labari.

"Baba Dattijo, barka da yamma," ta ce, ta dire kujerar. "In ba ka shiga, zauna nan. Hanya ta kowa ce, ba mai sa ka horo."

Ta juya ta koma wajen baƙinta. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe. Ya daɗe a tsaye yana kallon kujerar, ya cire hula ya mayar. Da mai ƙaho ya ɗauki busa, sai ya zauna a hankali.

Washegari Lahadi yana gaba a jerin dattawa, kansa a sunkuye. Mama tana bencin baya, ba tulu, kuma duk cocin ba wanda ya kai ta ɗaga murya.