Sallayar da Teku Ya Ɗauke

Ranar wata Juma'a ta hutun Disamba, shekarar da nake aji uku, na tsaya a bayan Umma ina kallon teku yana zagaye mu, bakina a rufe. Wani abokin aikin Abba a ofishin jigilar kaya na Deira da ke Dubai ne ya gayyace mu ƙauyensu, a wani ɗan tsibiri kusa da Zanzibar. Ni da na tashi a falat ɗin wani bene a unguwar Al Qusais, inda wasanmu bai wuce ɓuya a matattakala da shanya wanki a baranda ba, sai na ga birai suna tsalle a kan itatuwa, masunta suna ɗinkin koma a inuwar kwakwa, ƙananan ƙaguwa suna gudu a karkace kamar masu jin kunya.

Da rana ruwan ya janye can nesa, ya bar farin rairayi shimfiɗe. Abba ya bi maza masallaci. Mu kuwa ruwan da muka sani shi ne wanda muke tsallakawa da abra, ɗan kwalekwalen haya, zuwa Bur Dubai, wanda kullum yana nan tsakanin katangunsa. Ni da Umma muka yi ta tafiya muna tsintar bawon kodi har bukkokin ƙauyen suka koma ƙanana. Da la'asar ta yi, Umma ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai tsarki irin wannan ba, ta shimfiɗa koriyar sallayar da ta zo da ita daga Kano, ta kabbara.

Ba da ƙara ruwan ya dawo ba. Ta baya ya lallaɓo, ya cike kwarin da ke tsakaninmu da gaɓa, tudun da muke kai yana ta raguwa. Umma ba ta iya iyo ba, ni ma haka, kuma ba ta gaggawa a sallah. Idonta na kan wurin sujada. Tun ina ƙarama ta sha gaya min, "Ba a yi wa mai sallah magana." Na buɗe baki na kasa, na miƙa hannu zan ja hijabinta na fasa. Ina tsoron ruwan, ina tsoron zunubi. Sai na tuna malamarmu ta Islamiyya ta ce idan liman ya yi mantuwa, mace tafi take yi. Na fara tafawa ina kuka, ina tafawa har tafukana suka yi zafi.

Umma ta sallame ta juyo, fuskarta ta canza. "Yalla, hau bayana," kawai ta ce. Ta goya ni da mayafinta kamar jaririya, ta shiga ruwan. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ina jin bugun zuciyarta ta bayanta, tana karanta addu'a a hankali har ƙafarta ta taka busasshiyar ƙasa. Da muka waiga, sallayar tana yawo can a kan ruwa.

Yanzu ni ke riƙe hannun Umma idan za ta hau abra, don gwiwoyinta sun fara ciwo. Tana da sallayu masu laushi daga kasuwar Bur Dubai, amma har yau takan ce babu kamar koriyar nan. Ni kuwa bayanta nake kewa, lokacin da yake iya ɗaukata.