Sa'ar La'asar da 'Yan Dawaki Suka Cinye

Ƙarar juya shafi ce ta tona asirin. Ina tsaye a kicin ina tsince shinkafa sai na jiyo ta daga falo: shaf, shiru kaɗan, shaf kuma. Duk wadda ta taɓa yin hadda ta san mai hadda ba ya juya shafi haka. Shafi ɗaya sai ya ci wa mutum rabin awa, ana ta maimaita layi har ya zauna. Na tsayar da hannuna cikin tire ina saurare. Kafin mai sayar da gas da ke wucewa ta ƙasa ya gama ƙwanƙwasa tukunyarsa, an juya shafi huɗu.

Lokacin muna zaune a ƙasar Larabawa, a wata unguwa da ake kira Hayyin Ashir, a bene hawa na huɗu. Malam, maigidana, yana karatun addini a jami'a, ni kuma ina gida da 'yarmu mai shekara takwas da ƙaninta na goye. Tun tana shekara huɗu ni nake biya mata karatu bayan la'asar. Ilimina ba mai zurfi ba ne, sakandare ce da islamiyyar unguwarmu, amma wannan sa'ar tawa ce. A garin da ba ni da uwa, ba ni da 'yar'uwa, ko cinikin tumatir sai na haɗa da nuni, ita ce kaɗai sa'ar da nake jin ina da abin bayarwa. Ina biya mata tana jingine da cinyata, wani lokaci ina tsefe mata kai.

Wata rana Malam ya ce in bar masa. Wai tajwidina na gida ne, ina ja inda ba a ja, kada bakin yarinya ya saba. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce, kuma wace uwa ce za ta hana 'yarta abin da ya fi? Na bar masa. Wata uku cur ina rufe musu ƙofar falo, ina goya ƙaramin in fita baranda kada kukansa ya dame su. Ko injin markaɗe na daina kunnawa a wannan lokacin. In na shiga da shayi sai in tarar da su kai da kai a kan wani littafi mai koren bango, suna buɗe shi daga dama. Daga dama fa! Me zan zata in ba littafin Larabci ba? Sai in ajiye kofi in fita da sanɗa ina sa musu albarka.

Ran nan ban kai shayi ba. Na shiga na tsaya a bayansu.

Dawaki ne. Ƙanana, masu idanu kamar faranti, an zana su baƙi da fari, kowane shafi an raba shi gida-gida. Wata mai fikafikai ta faɗa cikin kwanon ƙullin kek, ƙafafu a sama, wata mai ƙaho ɗaya a goshi tana birgima don dariya. Na gane su: na katun ɗin da yarinyar take kallo ne a gidan maƙwabciyarmu 'yar Sudan. Koriyar takardar kuwa tawa ce, wadda nake rufe littattafan makaranta da ita. An ninke kusurwoyin tsaf, an manna salatif.

"Malam, wannan wane izu ne?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya sosa ƙeya yana murmushi.

"Ma'alish, yi haƙuri ke kuwa. Littafin zane ne irin na 'yan Japan, manga suke ce masa. Su ma daga dama suke karatu, kin ga ikon Allah? A wurin masu tsofaffin littattafai na tsinto shi. Muna yin karatun fa, kwatan awa na farko, sannan wannan ya zama tukuici."

"Kwata. Ni kuma awa guda a baranda da yaro a baya."

"Haba, wasa ne kawai. Khalas, an daina."

Na ce wa yarinyar ta karanto mini daga inda na tsaya da ita. Ta fara, ta kakare a aya ta uku. Ba ta ƙaru da komai ba, abin da na ba ta ma ya fara zubewa. Ban yi faɗa ba. Na koma kicin na ɗora shinkafa, sai da muka zo ci na gane ban sa gishiri ba.

Washegari da suka fita na ɗauki littafin na karanta, tun daga dama kamar yadda aka ce. Turancinsa mai sauƙi ne. Allah ya sani na yi dariya, har sau biyu, musamman inda wata sarkin tsabta ta suma saboda taɓo ya taɓa mata wutsiya. Mai ƙahon nan da take ɗaga kaya ba tare da ta taɓa su ba ta ɗan dame ni, da an tambaye ni da na zaunar da yarinya na yi mata bayanin sihiri da haramcinsa, shi ke nan. Dawakin ba su yi mini komai ba. Takardar ce ta tsaya mini a rai. Mutum ba ya zama ya yanka takarda, ya ninke, ya manna, sai ya san idon wa yake gudu.

Malam ya ba ni haƙuri daga baya. Ya ce karatu ya yi masa nauyi, rabonsa da dariya irin wannan tun muna gida. Na yarda, na ma tausaya masa. Amma na karɓi sa'ata.

Sai dai ba ta dawo yadda na ba da ita ba. Yarinyar ta daina jingina da ni. Takan zauna can bakin tabarma, ta miƙe baya, tana karatu tana satar kallon fuskata kamar mai jiran hukunci. Kwana biyar muna haka. A na shida, da muka rufe karatu, na ciro littafin daga ƙarƙashin filo, na riga na yage koriyar takardar. Ashe bangon ruwan hoda ne da shuɗi, har da bakan gizo.

"Yalla, matso," na ce. "Nuna mini wadda kika fi so."

Ba ta matso ba. Ta kalli littafin, ta kalle ni, idonta ya ciko.

"Ni tun ranar farko na so in nuna miki, Umma. Akwai wata mai girki kamar ke. Abba ne ya ce kada in faɗa, wai ke ba kya son abin dariya."