Lauwali da Allurar da Aka Rena a Ƙwai

Duk wanda ya saba sayen latas da tumatir a bakin dam ɗin Kazaure ya san Lauwali. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya dogon ciniki. In ka taya bai yi masa ba, ya ce albarka sau ɗaya, ya koma kan shukarsa. Amma ba lambun ne ya sa aka fi saninsa ba, cikinsa ne. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya shan nono, ko man shanu ba a sa masa a miya. Tun 'yarsa Ma'u tana goye yake haka, ga ta yanzu da nata 'ya'yan.

Ba tsoron Allah ne ya kai shi ba, ba kuma rowa ba. Da can a injin niƙa yake aiki cikin gari. Sai ƙirji ya kama shi, numfashi yana fita da ƙara kamar an hura usur, har ya kai barci sai a zaune. Aka ɗauke shi zuwa wani ƙauye a ƙasar Roni, wajen mai magani, Malam Sharfuddeen. Malamin ya ba shi saiwoyin sha da na turare, ya kuma gindaya masa sharaɗi: duk abin da ya fito daga jikin dabba ko tsuntsu, kada ya shiga jikinsa. Ran da ya shiga, ciwon zai dawo. Lauwali ya daɗe a ƙauyen yana jinya. Kafin ya dawo, mai injin ya ɗauki wani, sai ya nemi aron fili a bakin ruwa ya fara lambu. Ƙirji ya lafa. Shi kuwa mutum ne da in abu ya yi masa aiki, ba ya tambayarsa dalili.

Matarsa Shahida Bafulatana ce daga wajen Babura, gidan da ƙwaryar nono ba ta bushewa. Ta yi mita ta gaji, ta koma ɗora tukunya biyu. Tasa ta tuwo ce da miyar kuka da daddawa, ko wake, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da yamma a sayo masa awara. Da Babbar Salla shi yake yanka ragonsa, ya feɗe, ya raba, ya wanke hannu ya zauna gaban tuwonsa. Ƙanin Shahida, Ashiru, makiyayi, bai taɓa kiransa da sunansa ba. Zomo yake ce masa.

Bana 'ya'yansa suka haɗu suka samo masa kujerar Makka. Ranar allurar maniyyata ya bi layi a asibiti, ya zauna gaban wata ma'aikaciya mai suna Nafisat, ya naɗe hannun riga.

"Baba, ta sanƙarau da ta shan inna dole ne," in ji ta. "Wannan ta mura ce. Ba dole ba ce, amma masu shekaru da masu ciwon ƙirji mun fi so su yi. Ƙwai yana sa maka ƙaiƙayi ko kumburi?"

"Mene ne haɗin ƙwai da allura, 'yata?"

"A cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar cutar, sannan a kashe ta, a tace."

"Kaza dai? Wannan da muka sani?"

"Ita fa, Baba."

Ya karɓi 'yar kwalbar ya ɗaga ta wajen taga. Ruwa ne garau. Ya girgiza, ya sake leƙawa. "To ina gwaiduwar?"

Nafisat ta yi dariya har ta ajiye audugar. Ta ce abin da ya rage na ƙwan bai kai ƙurar da ke ƙasan farcensa ba. Lauwali ya ce Malam bai ce masa da yawa ko kaɗan ba. Ya tambaye ta yadda ake saka cuta a ƙwai bai fashe ba, da ko kazar ce take kwanci a kai. Ta amsa abin da ta sani, ta ce sauran sai masu yin ta. Mutanen layi suka fara tsaki. Ya karɓi na dolen, ya sauke hannun riga, ya tafi.

A gida ya tarar da Ashiru ya kawo wa yayarsa nono. Da jin labarin, Ashiru ya tuntsire da dariya.

"Zomo, kai da ka yi riƙon rago mai ƙaho, yau ɗan tsako da ba a ƙyanƙyashe ba ya kore ka daga layi?"

"Kai da shanu suka rena, me ka sani?"

Shahida ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ta taɓa ganin alhajin da ya dawo ba tari ba, masu lafiyayyen ƙirji ma ke nan. In mura ta kama shi a wannan cunkoso, wa zai riƙe shi? Lauwali ya ce in kuma allurar ta karya sharaɗi, ciwon ya tashi a cikin jirgi fa? Ko ta ina, ƙirjin dai shi ne a tsakiya.

"Baban Ma'u, surutunmu ba zai raba ba," in ji ta. "Je ka tambayi mai sharaɗin."

Ya hau acaɓa ya nufi Roni. Malam Sharfuddeen ya daɗe da rasuwa. Matarsa Dela ce ta rage, ta tsufa tukuf, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne.

"Af! Kai ne ɗan injin nan da aka kawo fari fat kamar fatalwa? Mun sha wanke gari a gashinka."

"Ni ne, Inna."

Ya kwashe maganar allura ya gaya mata. Ta riƙe haɓa. Ta ce ita dakan saiwa kawai take yi, shi kuma marigayi ya mutu bai ji an ce ana renon allura a ƙwai ba, balle ya yanke mata hukunci. Ta ba shi gyaɗa a leda, ta ce ya yi musu addu'a in ya je. Tafiyar dai ba ta ba shi amsa ba.

A mararraba ya tsaya jiran abin hawa. Ranar bazara ce, kuma babu inuwa sai rumfar wani injin niƙa. Tun jinyarsa bai sake shiga irin wurin ba, don hatsin gidansa ba shi yake kaiwa ba. Ya ji ƙarar injin ta bambanta da wadda ya sani, sai ya leƙa ya gani. Ƙaramin inji ne, sabon yayi. Ya matsa yana kallon bel ɗin, har ya gaya wa mai niƙan cewa bel ɗin ya saki, a ɗaure shi. Garin dawa yana tashi yana sauka a gemunsa.

Bai gama bayani ba ya ji usur ɗin. Daga can ƙasan ƙirjinsa, siriri, kamar wanda bai taɓa tafiya ba. Ya fito da sauri, ya zauna a kan dutse cikin rana, ya dafa gwiwoyi yana jan iska. An jima kafin ƙirjin ya sake shi. Da ya samu kansa, sai ya lissafa abin da ya shiga cikinsa tun safe: koko, ƙosai, gyaɗar Inna Dela. Babu dabba, babu tsuntsu, sai dai garin da ya shaƙa.

Lauwali ba ya yarda da iri sai ya shuka shi sau biyu. Washegari bai gaya wa kowa ba, ya je ya tsaya a bakin ƙofar wani injin a Kazaure. Ƙirjin ya fara ɗaurewa, ya ja da baya tun bai yi nisa ba. Daga nan bai koma lambu ba, asibiti ya wuce.

Nafisat ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta yi masa faɗa kamar ita ce babba. Ta ce ba a gwaji da numfashi. Ta haɗa shi da likita, aka sa masa abin awo a ƙirji, aka ba shi maganin shaƙa ya tafi da shi, aka ce ya riƙa sa takunkumi a cikin taro. Da ya dawo teburinta ta sake tambayarsa maganar ƙwai, ko a ƙuruciya ya taɓa yi masa illa.

"Illarsa ɗaya, dukan da na sha da na ɗauke na kazar uwata."

Ya naɗe hannun riga. Ta soka, ta danna auduga, ta ce ya zauna a benci tukuna a ga yadda jikin zai karɓa. Ya zauna ya rufe baki, ya kasa kunne ga ƙirjinsa kamar mai sauraron inji. Iska tana shiga, tana fita. Wani jariri ya yi kuka a ɗakin gaba, aka rarrashe shi, ya yi shiru. Iska dai tana shiga, tana fita.

Da yamma Ashiru ya sa aka dafa ƙwai, ya ɓare, ya miƙo masa a tafin hannu.

"To Zomo, tunda ya shiga ta dantse, sai a buɗe masa babbar ƙofa."

Lauwali ya dubi ƙwan, ya shinshina, ya mayar masa. "Gari na gwada, allura na gwada. Wannan sai na dawo, in raina ya so." Ya jawo kwanon awararsa, ya barbaɗa yaji, ya ja numfashi har ƙasa, sannan ya sa hannu.