Sitika a Kan Leda

Shekara ashirin Tanko ya yi yana kabu-kabu tsakanin Gwandu da Malisa kafin gwiwarsa ta ce ta gaji. Daga nan wani ɗan garinsu ya yi masa hanya, ya samu gadin filin ajiye babura a wata kwaleji da ke gefen Kalgo. Aka ba shi benci da sarƙa da kwaɗo, aka ɗora masa doka ɗaya: babur ɗin da ba shi da sitikar makaranta ba ya shiga.

Ɗalibai sun tsane shi, shi ma bai ɓoye tasa ba. Suna kiransa Baba Sarƙa, yana kiransu marasa kunne. Gaskiya Tanko ba shi da daɗin baki, ko gaishe shi ka yi sai ya leƙa tankinka kafin ya amsa. Ga shugabar masu gadi, Madam Esther, ta riga ta ja masa kunne sau biyu. Ta ce ranar da ta sake kama shi da kuskure, ya ajiye mata makullai ya kama hanyar Gwandu.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne leda. Mutanenmu in sun sayi sabon babur ba sa cire ledar da ya zo da ita, sai ma su ƙara naɗe tanki da wata, wai kada fenti ya dushe. A kan ledar nan ɗalibai ke manna sitika. Tanko ya yi faɗa har ya gaji, yana ce musu rana za ta cinye ledar ta tafi da sitikar. Suka ce tsoho ya fara surutai.

Ranar jarrabawar ƙarshe Muzzammil, wani ɗalibi ɗan Dangoma, ya iso a guje, saura minti biyar a rufe ɗaki. Leda ta yage a hanya, tanki fes, babu sitika. Ya rantse yana da ita. Tanko ya sani sarai, don a gabansa aka manna ta yana hanawa. Duk da haka ya miƙe ƙafarsa mai ciwo ya tare hanya.

"Baba, don Allah. Kai ma ka san ni."

"Na san ka. Wanga mashin ne ban sani ba. Ba shi shiga."

Muzzammil ya zage shi tas, ya jingine babur a bakin titi bayan katanga, ko makulli bai zare ba, ya ruga.

Tanko ya dubi babur ɗin, ya dubi titin da baƙin fuska ke ta wucewa. Ya san kuɗin noman daminar gida guda ne aka jingine a wurin. Yana tsaki, yana tsine wa rashin hankalin ɗalibin, ya ja bencinsa waje, ya zare makullin, ya zauna. Awa biyu ya yi a rana.

A nan Madam Esther ta same shi, ƙofa a buɗe, fili babu mai tsaro. Ba ta tsaya jin bayani ba. Ta miƙa hannu, ya zuba mata makullai.

Da Muzzammil ya fito ya hango makullin babur ɗinsa a hannun tsoho, sai ya fizge shi a gaban abokansa.

"Yanzu kuma sata ka koma, Baba Sarƙa?"

Suka bushe da dariya. Abin ya soki Tanko fiye da korar. Ya ɗingisa zuwa bakin titi, ya tsaya jiran ɗan kabu-kabun da zai kai shi tasha.