A Jirgi Ba a Tayi Biyu

Yanzu a Bodinga ko suna ake yi sai ka ga an raba shinkafa a 'yan kwanonin nan marasa nauyi, masu ƙyalli da murfin takarda. Mata na murna da su, wai babu wanke-wanke. Ni kuwa da zarar na ɗaga murfin, tururin da ya daɗe a rufe ya bugi hancina, sai in mayar da murfin in ture kwanon gefe. Kada ka zargi masu girkin, abincinsu lafiya lau yake. Ƙanshin ne irin na abincin jirgin sama, ni kuma ban san shi a kan daɗi ba.

A Shagari na yi wayo, a hannun Gwaggo, yayar mahaifinmu. Mahaifinmu malamin makaranta ne da ya samu tafiya ƙarin karatu Malesiya. Da aka yaye ƙanena sai mahaifiyarmu ta bi shi, aka bar mu wurin Gwaggo da sunan 'yan watanni, watannin kuma suka zama shekaru. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ni na san uwata kafin ta tafi, ina tuna har ƙanshin zanenta, saboda haka Gwaggo nake kiranta, ita ma ba ta wahalar da kanta a kaina ba. Ƙanena kuwa bai san wata uwa ba. Inna yake ce mata, a bayanta yake barci, kuma da hannunta take ba shi abinci har ya wuce shekarun da ake ba yaro a baki.

Ba zan ce ta bar mu da yunwa ba, don in na faɗa na yi mata ƙarya. Da damina akwai fura mai kauri da nonon da ake kawowa daga ruga tun da sanyin safiya. Da kaka, in an shigo da sabon gero, tuwonta har maƙwabta ke aiko kwano. Da rani 'yan fadama na kawo mata albasa da tumatir, ta yi mana dambu mai zogale da ƙuli. Abinci na nan. Dokar da ke kansa ce mai nauyi.

Gidanmu gidan fulako ne, wato kunyar ci a gaban mutane, amma Gwaggo ta kai abin inda ko Fulanin daji ba su kai shi ba. A wurinta, in aka yi maka tayin abinci ba ka amsa na farko. Ka ce alhamdulillahi, ka ƙoshi, ko da hanjinka na kuka. Mai tayin in ya san ya kamata zai sake, ya matsa, ya haɗa ka da Allah, sa'an nan ka miƙa hannu kamar wanda aka tilasta. Kowa a ƙasarmu ya san wannan wasan, kowa kuma ya san nasa ɓangaren, shi ya sa ba a kwana da yunwa a kansa.

Wata shekara da kaka muka je gaisuwa Danchadi, wata tsohuwa ta miƙa wa ƙanena gasasshiyar masara, ya karɓa tun kafin ta rufe baki. Gwaggo ta yi murmushi, ta yi godiya, ta amshi masarar ta sa a jaka wai sai mun je gida. Da muka koma Shagari ta ɗaura mata zare, ta rataya masa a wuya, ta zaunar da shi a ƙofar gida, ta kira yaran unguwa su zo su ga makwaɗaici. Sai da rana ta yi sanyi ta kwance masa, ta jefa wa awaki masarar, ta wanke masa fuska, ta ba shi fura a baki tana yi masa kirari. Haka take. Ita za ta ji maka ciwon, ita kuma za ta shafa maka magani, har ka rasa wanda za ka kai ƙara.

Ina da kamar shekara takwas, shi bai cika biyar ba, aka aiko cewa a kai mu wurin iyayenmu, Gwaggo ce za ta raka mu ta ɗan zauna ta dawo. A gidan wani baffanmu a Bodinga muka yi magana da mahaifiyarmu ta waya. Ta ce mini ta sa an tanadar mana abincin yara na musamman a jirgi, in tabbata ƙanena ya ci. Na riƙe maganar nan a raina ban gaya wa kowa ba. Gwaggo kuwa tun daga ranar ta daina dariya.

Ranar tafiya kunu kawai ta ba mu da asuba. An gaya mata ban ɗakin jirgi na zuƙe mutum, ta rantse babu mai kai ta can, saboda haka ba ci ba sha. Muka yini a mota har Kano, muna wuce masu ƙosai da masu tsire, ƙanena na bin su da ido ta taga. Jirgin bai tashi ba sai da dare ya raba. Aka zaunar da ni jikin taga, shi a tsakiya, Gwaggo a bakin hanya ta ƙanƙame carbi. Sanyi ya ishe mu, kunnuwanmu suka toshe, yaron ya yi laushi kamar tsumma, amma yunwa ta hana shi barci.

Mu aka fara kawo wa abinci kafin kowa. Wata ma'aikaciyar jirgi, fara doguwa, ta duba lambar kujerunmu, ta sauke mana 'yan teburan, ta ajiye tire ɗaya gabana ɗaya gabansa. Akwai kwano mai zafi a rufe, da burodi, da lemon kwali, da cakulan, da ɗan kwalin fensir masu kala. Gwaggo ta tsaya kallon abin da mamaki. Wani ɗan kasuwa Bakano da ke zaune tsallaken hanya ya tambayi matar da Turanci, ya juyo ya ce wa Gwaggo ai abincin yara ne, tun daga can uwarsu ta sa aka rubuta musu. Ya faɗa ne don ta ji daɗi. Na ga fuskar Gwaggo ta canza, ta ɗora hannu a cinyar ƙanena, ta ce a dakata tukuna.

Can sai ga keken abincin manya ana turowa. Matar ta sunkuyo ta tambayi Gwaggo, Bakanon ya fassara, kaza ko kifi. Gwaggo, wadda ita ma rabonta da abinci tun kunun asuba, ta yi abin da ta yi duk rayuwarta. Ta ɗaga tafin hannu, ta kawar da kai, ta ce alhamdulillahi. Matar ta yi murmushi ta tura kekenta gaba.

Gwaggo ta gyara zama tana jiran a dawo a matsa mata. Ta jira. Keken ya yi nisa, aka ja labule a bayansa, duk jirgin ya cika da ƙarar cokula da ƙanshin miya. Bakanon ya lura, dariya ta kuɓuce masa da abinci a baki.

"Hajiya, ai nan ba a tayi biyu. Bari in kira miki ita."

"Wa ac ce maka yunwa nika ji?" in ji Gwaggo.

Mutumin ya koma kan kazarsa. Ni kuwa na buɗe nawa kwanon, taliya ce da nama, na kama ci. Ta miƙo hannu ta bayan yaron ta murɗe mini naman hannu, na ci gaba da ci da hawaye, don uwata ce ta aiko. Da ta ga haka sai ta sake ni, ta ce daman ni ba tata ba ce. Kunyar da ta sha a gaban baƙon namiji da yunwar da ke cinta duk ta tattara su ta juya kan wanda ta san nata ne.

Ba ta yi masa tsawa ba. Da kanta ta ɗaga masa murfin, tururi ya tashi a fuskarsa. Ta ɓare cokalin daga ledarsa, ta sa masa a hannu, ta naɗe 'yan yatsunsa a kai. Sa'an nan ta kai baki kusa da kunnensa, amma na ji komai.

"Ci mana, ɗana. Abincin uwarka na, ita tas sa anka kawo ma. Amma ka sani, in ka ci ka zama nata. Ni sai in koma Shagari ni ɗai, ran da nim mutu maƙwabta su ɗauke ni."

Yaron ya dubi taliyar, ya dubi Gwaggo. Miyau na taruwa a gefen bakinsa. Ya ajiye cokalin a hankali ya ce, "Na ƙoshi, Inna."

Ba ta bari an rufe kwanon ba. Haka ya zauna da shi buɗe a gabansa har tururin ya mutu, man ya daskare a kai. Ma'aikaciyar ta dawo, ta durƙusa, tana yi masa alamar ci da hannu, tana nuna masa cakulan ɗin. Ita ce kaɗai a jirgin nan ta yi tayi na biyu, kuma ga yaro ta yi shi, amma ya girgiza kai. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta yi mata murmushin nan na Danchadi, matar ta ɗauke tiren. Da aka rage fitilu na tura masa burodina ta ƙarƙashin bargo, ya turo mini da shi baya. Ina jin cikinsa na ƙugi a jikina har barci ya sace ni. Na tsani Gwaggo a daren nan, tsana irin ta manya, kuma ba ta taɓa fita daga raina duka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo da safe. Da aka turo keken karin kumallo, tun matar ba ta gama tambaya ba Gwaggo ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ta koyi darasinta cikin dare ɗaya. Ta ture tiren yaron gefe, ta ci ƙwanta ta sha shayinta, sa'an nan ta tsoma ɓallin burodi a sauran shayin ta kai masa baki, ta ce wannan nata ne, ya ci. Ya ci har yana lasar yatsunta. A jirgi na biyu da muka canza a ƙasar Larabawa, wanda ya fi na farkon nisa, haka aka sake yi, ba ta ma buƙaci ta ƙara cewa komai ba.

Mahaifiyarmu na jiranmu a filin jirgi da kular dambu da ta kwana tana yi. Ta durƙusa a gaban mutane tana kuka, ta ɗebo a hannu ta miƙa masa. Ya ɓoye fuska a zanen Gwaggo ya ce ya ƙoshi. Ta sake, ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah, ta yi duk abin da mai tayi ke yi, bai karɓa ba. Gwaggo ta ce a yi haƙuri, baƙunta ce.

Bayan Gwaggo ta koma gida yaron ya rame har aka kai shi asibiti, likita bai ga ciwon komai ba. A ƙarshe dabara mahaifiyarmu ta yi. Sai ta ajiye abinci a ɗakin girki ta fita waje, ta tsaya bayan ƙofa tana jin ƙarar cokalinsa. Da ya girma ya riƙa ci tare da mu, amma bai taɓa ce mata ta ƙara masa ba, bai taɓa ce mata girkinta ya yi daɗi ba, kuma Hajiya yake kiranta kamar matar maƙwabci. Sai da aka dawo daga binne mahaifiyarmu na gaya masa cewa tana tsayawa bayan ƙofa. Bai yi kuka ba, amma daga ranar bai sake ce wa Gwaggo Inna ba.

Duniya ta canza. 'Ya'yana in muka hau jirgi da kansu suke danna maɓalli su nemi ƙarin lemo, a gidan mutane kuma ba su jira a yi musu tayi sau biyu. Tsofaffi na cewa kunya ta ƙare, ni kuwa ko a jikina. Mutum biyu na sani da suka rage a kan tsohuwar dokar, kuma gida ɗaya suke. Ƙanena yanzu malamin asibiti ne a Bodinga. Da Gwaggo ta tsufa ƙafa ta ƙi, shi ya je Shagari ya ɗauko ta, ya gina mata ɗaki, gari na ta sa masa albarka. Da kansa yake kai mata abinci. Matarsa ce ke lallaɓawa ta mayar mata da kwanon in ya fita aiki.

Kwanan baya na je na tarar ya shiga da tuwo da miyar kuka, ya durƙusa da ladabi ya ce, Gwaggo, ga abinci. Idonta na kan kwanon, amma bakin ya riga ya saba. Ta ce alhamdulillahi, ta ƙoshi. Ya mayar da murfin ya miƙe. Na tare shi a bakin ƙofa na ce ya ƙara mata tayi mana, ya san halinta.

"Yaya, ta ce ta ƙoshi," in ji shi. "Ko so kika yi in ƙaryata ta?"

Ya fita da kwanon, ta bi shi da ido har labulen ya faɗi.